BABI NA UKU: MAKAMAI MASU SARRAFA KANSU DA MATSALAR ƊAUKAR ALHAKI A DOKOKIN YAƘI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an waiwayi tarihin shigar na'urori cikin harkar yaƙi. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da makami mai sarrafa kansa, da yadda yake aiki, da dalilan da suka sa ƙasashe suka himmatu wajen ƙera shi. Daga nan sai a dubi yadda yake karo da dokokin yaƙi, da kuma matakan da aka ɗauka domin yi masa linzami. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, rashin matuƙi a cikin jirgi ko rashin direba a cikin tankar yaƙi ba shi ne ginshiƙin matsalar ba. Ginshiƙinta shi ne cire ɗan Adam daga wurin yanke hukuncin wanda za a kashe. Domin kuwa da zarar an cire shi daga nan, an cire wanda za a tuhuma idan aka yi ɓarna.

3.1 Ma'anar Makami Mai Sarrafa Kansa

Ƙasashe ba su haɗu a kan ma'ana guda ba. Sai dai akwai ma'anoni biyu da aka fi kafa hujja da su. Ta farko ita ce ta Ma'aikatar Tsaron Amurka, wadda ta zo a cikin umarninta mai lamba 3000.09 na watan Nuwamban 2012, wanda aka sabunta a watan Janairun 2023. A taƙaice, umarnin ya nuna cewa makami mai sarrafa kansa shi ne wanda, da zarar an kunna shi, zai iya zaɓen abin da zai kai wa hari, ya kuma kai harin, ba tare da mai kula da shi ya sake sa hannu ba.

Ma'ana ta biyu ita ce ta Kwamitin Ƙasa da Ƙasa na Red Cross, wadda ya fayyace a watan Mayun 2021. Ita ma ta tafi a kan wannan tafarki, amma ta ƙara wani haske. Ta nuna cewa abin da ke tayar da irin wannan makami shi ne abin da na'urorinsa suka hango a kewaye, wanda ya dace da siffar da aka cusa masa tun farko. Ke nan wanda ya harba shi bai zaɓi takamaiman mutum ko motar da za a daka ba, bai kuma san ainihin lokaci da wurin da abin zai auku ba.

Idan aka yi la'akari da waɗannan ma'anoni, za a ga cewa nakiyar da ake binnewa a ƙasa ita ce kakar waɗannan makamai. Wanda ya binne ta ya yi tafiyarsa. Siffar da take jira ita ce nauyi kawai, don haka ba ruwanta da ko soja ne ya taka, ko yaro mai kiwo, ko jaki. Makamin zamani ya fi ta ne ta fuska biyu: yana tashi ya tafi neman abin hari, sannan siffar da yake nema ta fi nauyi sarƙaƙiya, kamar zafin jiki, ko surar mota, ko igiyar da na'urar rada ke fitarwa.

3.2 Rabe-Raben Makamai Dangane da Matsayin Ɗan Adam

Masana irin su Paul Scharre, a littafinsa Army of None na 2018, sukan kasa makamai gida uku bisa ga inda ɗan Adam yake a lokacin da ake kai hari.

3.2.1 Waɗanda Mutum Ke Riƙe da Kunamarsu

A nan na'ura takan yi hange, ta tattara bayani, amma ba ta harbi sai mutum ya ba da izini. Jiragen yaƙi marasa matuƙa irin su MQ-9 Reaper na Amurka da Bayraktar TB2 na Turkiyya suna cikin wannan rukuni. Jama'a sukan ɗauka cewa su ne makamai masu sarrafa kansu, alhali kuwa suna da matuƙa, sai dai matuƙan suna zaune ne a ƙasa gaban allo.

3.2.2 Waɗanda Mutum Ke Sa wa Ido

A nan na'ura ce ke zaɓe ta kuma yi harbi, amma akwai mutum a gefe da ke da ikon tsayar da ita. Misali shi ne bindigar Phalanx, wadda jiragen ruwan yaƙin Amurka suka fara ɗauka a 1980. Tana da na'urar rada ta kanta, kuma sababbin samfuranta kan fitar da harsashi kimanin 4,500 a minti guda domin kakkaɓo makami mai linzami da ya nufo jirgi. Haka ma tsarin Patriot yana da yanayin da ake sakar masa mara ya yi aiki da kansa.

3.2.3 Waɗanda Suka Fita Daga Hannun Mutum

A nan da zarar an saki makami, shi ke nan. Misalin da aka fi kawowa shi ne Harpy, ƙirar kamfanin Israel Aerospace Industries. Akan harba shi ya yi ta shawagi na sa'o'i a sararin wani yanki yana sauraro. Da ya ji igiyar na'urar radar abokan gaba, sai ya sulmiyo ya faɗa mata ya tarwatse tare da ita.

Ya kamata a lura cewa wannan rabo ba shi da katanga mai ƙarfi. Makami guda zai iya kasancewa a rukuni na farko da safe, ya koma na uku da yamma, ta hanyar sauya manhajarsa kawai. Wanda ya dube shi daga waje ba zai ga wani bambanci ba. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa bin diddigin waɗannan makamai ya fi na tankoki ko jiragen ruwa wuya, domin su waɗancan ana iya ƙirga su daga sama.

3.3 Yadda Makamin Ke Aiki

Aikin makami mai sarrafa kansa yana bin matakai huɗu. Mataki na farko shi ne hange, inda kyamara ko rada ko na'urar jin zafi ke tattaro bayani. Na biyu shi ne tantancewa, inda kwamfutar da ke cikinsa ke gwada abin da aka hango da siffar da aka ba ta. Na uku shi ne zaɓe, idan abubuwan da suka dace da siffar suna da yawa. Na huɗu shi ne kai hari.

A da, injiniyoyi ne ke rubuta ƙa'idojin tantancewa ɗaya bayan ɗaya: idan abu yana gudu kaza, a tsawo kaza, yana nufo wuri kaza, to makami ne. Irin wannan ana iya bin sa a gano inda aka yi kuskure. A yanzu kuwa, da bunƙasar ƙirƙirarriyar basira, akan koyar da na'ura ne ta hanyar nuna mata dubban hotuna, har ta riƙa gane tanka ko motar soja da kanta. Illar wannan hanya ita ce, ko waɗanda suka ƙera na'urar ba kullum suke iya faɗin dalilin da ya sa ta kira wani abu tanka ba. Daɗin daɗawa, na'urar da aka horar da hotunan wani yanayi tana iya rikicewa a wani yanayin dabam, kamar idan ta shiga ƙura ko hazo, ko kuma abokan gaba suka yi wa motocinsu ɓad-da-kama.

3.4 Dalilan da Ke Tura Ƙasashe ga Waɗannan Makamai

Dalili na farko shi ne sauri. A ɗauki misalin makami mai linzami da ke cin mita 300 a daƙiƙa guda. Idan aka hango shi daga nisan kilomita 15, saura daƙiƙa 50 ya iso. Idan kuwa goma ne suka taho a lokaci guda, babu sojan da zai iya bin su ɗaya-ɗaya.

Dalili na biyu shi ne katsewar sadarwa. Jirgi maras matuƙi yana dogara ne da igiyar rediyo tsakaninsa da mai sarrafa shi. A yaƙin Rasha da Yukren, wanda ya faɗaɗa a watan Fabrairun 2022, kowane ɓangare ya ƙware wajen dagula wannan igiya, har jirage masu yawa suka riƙa faɗuwa kafin su kai inda aka aike su. Wannan ya sa ɓangarorin biyu suka koma ga ƙera jiragen da, idan matuƙi ya nuna musu abin hari, za su iya ƙarasa tafiyar da kansu ko da sadarwa ta yanke.

Dalili na uku shi ne yawa da araha. A watan Agustan 2023 mataimakiyar sakataren tsaron Amurka ta lokacin, Kathleen Hicks, ta bayyana wani shiri mai suna Replicator, da nufin samar da dubban na'urori masu sarrafa kansu cikin wata 18 zuwa 24, kuma ta danganta shirin da gasar da ke tsakanin ƙasarta da Sin.

Dalili na huɗu na ɗabi'a ne. Ronald Arkin, masanin mutum-mutumi a Amurka, a littafinsa na 2009, ya kawo hujjar cewa na'ura ba ta jin tsoro, ba ta fushi, ba ta gajiya, ba ta ɗaukar fansar abokinta da aka kashe. Don haka, a ganinsa, wata rana za ta iya fin soja kiyaye dokokin yaƙi. Wannan hujja ba abar yarwa ba ce, domin tarihin yaƙe-yaƙe cike yake da ta'asar da fushi da tsoro suka haifar. Sai dai ta ginu ne a kan zaton cewa na'urar za ta iya bambance wanda ya halatta a harba da wanda bai halatta ba, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

3.5 Makamin da Dokokin Yaƙi

Dokokin yaƙi na zamani sun dogara ne a kan yarjejeniyoyin Jiniba huɗu na 1949 da Ƙarin Yarjejeniya ta Farko ta 1977. Ƙa'idoji uku na wannan ƙari ne suka fi shafar batun da ake magana a kai.

Ta farko ita ce bambancewa, wadda ta zo a sashe na 48. Wajibi ne masu yaƙi su raba tsakanin mayaƙa da fararen hula, su kai hari ga mayaƙa kaɗai. Gane jirgin ruwan yaƙi a tsakiyar teku abu ne mai sauƙi ga na'ura. Gane mutum kuwa wani abu ne dabam, musamman a yaƙin da mayaƙa ba su sa kaki. Mafarauci da ɗan fashi duk suna rataye da bindiga. Motar a-kori-kura da ta ɗauki 'yan kasuwa jiya tana iya ɗaukar mayaƙa yau. Haka kuma doka ta hana a harbi sojan da ya miƙa wuya ko ya ji raunin da ba zai iya faɗa ba, alhali kakinsa da zafin jikinsa ba su sauya ba. Abin da ke raba waɗannan duka shi ne fahimtar niyya da yanayi.

Ta biyu ita ce daidaito, wadda ta zo a sashe na 51. An haramta harin da ɓarnar da ake tsammanin zai yi wa fararen hula ta zarce amfanin sojan da ake hange. Wannan awo ba shi da mudu ko sikeli. Hukunci ne da kwamanda ke yankewa bisa ga abin da ya sani a lokacin. Gada guda tana iya zama mai muhimmanci ƙwarai da hantsi, ta zama maras amfani da la'asar bayan rundunar abokan gaba ta ƙetare.

Ta uku ita ce taka-tsantsan, a sashe na 57, wadda ta wajabta a fasa ko a dakatar da hari idan ta bayyana cewa abin da aka nufa ba na soja ba ne. Makamin da ya fita daga hannun mutum ya rufe wannan ƙofa.

Bugu da ƙari, sashe na 36 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin binciken duk wani sabon makami domin tabbatar da halaccinsa kafin a yi aiki da shi. Amma kowace ƙasa ita ke binciken kanta, ba kuma dole ne ta bayyana sakamakon ba.

3.6 Matsalar Ɗaukar Alhaki

Dukkan waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne domin mutane, kuma ƙarfinsu yana cikin sanin cewa wanda ya karya su za a iya gurfanar da shi. A 2007 masanin falsafa Robert Sparrow ya yi tambayar da har yanzu ake ta juyawa: idan makami mai sarrafa kansa ya yi kisan da ya saɓa wa doka, wa za a kama? Injiniyan da ya rubuta manhajar zai ce bai san inda za a kai makamin ba. Kwamandan da ya sake shi zai ce bai yi nufin haka ba, kuma ba shi da hanyar sanin abin da na'urar za ta yi. Ita kuwa na'urar ba a ɗaure ta a kurkuku. Tun da hukunta mutum a kan laifin yaƙi yana bukatar a tabbatar da niyya ko sani, sai a wayi gari an yi kisa babu mai kisa. Abubuwa huɗu da suka auku za su ƙara haska wannan batu.

Na farko, a daren 26 ga Satumban 1983, na'urar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyat ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami guda biyar. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yi tunanin cewa ƙasar da ta yi niyyar fara yaƙin nukiliya ba za ta fara da biyar kacal ba, sai ya kai rahoton cewa kuskuren na'ura ne. Daga baya aka gano hasken rana ne da ya daki gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Abin da ya yi amfani a nan shi ne shakka, wadda na'urar ba ta da ita.

Na biyu, a lokacin mamayar Iraƙi a 2003, tsarin Patriot na Amurka ya kakkaɓo jirgin Tornado na Birtaniya a watan Maris, mutum biyu suka mutu, sannan ya kakkaɓo jirgin F/A-18 na Amurka kanta a watan Afrilu, matuƙinsa ya mutu. A harin farko na'urar ta ɗauki jirgin a matsayin makami mai linzami, sojojin da ke kula da ita kuma suka gaskata ta cikin ɗan lokacin da suke da shi. Darasin shi ne, zaman mutum a gaban allo bai wadatar ba. Idan ba shi da lokaci da bayanin da zai musa wa na'ura, to sunansa mai kula ne kawai. Wannan ne ya sa wata ƙungiya ta Birtaniya mai suna Article 36 ta fito da batun iko mai ma'ana na ɗan Adam a 2013.

Na uku, a watan Maris na 2021 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya ya ba da rahoton cewa a 2020 an fafari mayaƙan Khalifa Haftar da ke ja da baya da makamai irin su Kargu-2, wani ƙaramin jirgi mai farfela huɗu ƙirar kamfanin STM na Turkiyya. Rahoton ya ce an tsara makaman ne su kai hari ba tare da bukatar sadarwa tsakaninsu da mai sarrafa su ba. Rahoton bai ce sun kashe wani a wannan yanayi ba, kamfanin kuma ya dage cewa mutum ne ke ba da izinin hari. Wannan taƙaddama ita kanta hujja ce, domin ta nuna cewa bayan an gama yaƙi yana da wuya a tabbatar ko mutum ne ya yanke hukunci ko na'ura.

Na huɗu, a daren 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya ya jefa bam a kan masu bikin Maulidi a ƙauyen Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85. Wannan jirgi ba mai sarrafa kansa ba ne. Mutane ne suka kalli taron, suka ɗauka na 'yan bindiga ne. Saboda haka ne ma aka sami waɗanda za a tambaya. Rundunar ta amsa kuskurenta, babban hafsanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri, kuma a watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da sojoji biyu a kotun soja. Ana iya gardama a kan ko wannan ya wadatar. Amma da a ce na'ura ce ta zaɓi wannan taro da kanta, da ko wannan ɗan abin ba za a samu ba. Sannan idan sojan da ya san Maulidi ya kasa gane shi daga sama da dare, ina ga na'urar da aka horar a wata nahiya dabam?

3.7 Matakan da Aka Ɗauka a Duniya

A watan Nuwamban 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nemi a haramta waɗannan makamai tun kafin su yaɗu. A watan Afrilun 2013 aka ƙaddamar da gangamin ƙungiyoyi masu wannan buri a Landan. A shekarar dai, Christof Heyns, ɗan Afirka ta Kudu kuma wakilin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kisan gilla, ya nemi ƙasashe su dakatar da ƙera su har sai an yi musu doka. Pakistan ce ƙasar farko da ta fito fili ta nemi a haramta su.

Daga 2014 aka fara tattauna batun a Jiniba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Yarjejeniyar Wasu Makamai na Gargajiya ta 1980. An zaɓi wannan dandali ne domin a ƙarƙashinsa aka haramta makaman leza masu makantarwa a 1995, tun kafin a shiga fagen fama da su. Kwamitin ƙwararrun gwamnatoci ya fara zama a 2017, kuma a 2019 aka amince da ƙa'idoji 11, ciki har da cewa dokokin yaƙi sun hau kan waɗannan makamai, kuma ba a ɗora wa na'ura alhaki. Sai dai ƙa'idojin ba su da ƙarfin doka. Cikas ɗin shi ne, a wannan dandali ba a zartar da komai sai kowa ya amince, don haka ƙasa guda tana iya tsayar da kowa.

Ra'ayoyin ƙasashe sun kasu kamar haka. Rasha ta tsaya a kan cewa dokokin da ake da su sun isa. Amurka ta fi son ƙa'idojin da ƙasa za ta bi don ganin damarta, kuma ta gabatar da wata sanarwa ta irin wannan a birnin Heg a watan Fabrairun 2023. Umarninta na 3000.09 bai haramta makaman ba, ya dai shardanta cewa wasu nau'o'i sai manyan jami'ai sun duba su tukuna. Sin ta ce tana goyon bayan hana amfani da su, amma ma'anar da ta ba su ta yi ƙunci ƙwarai, har kusan babu makamin da zai faɗa ciki. Mafi yawan ƙasashen Afirka da Latin Amurka, da wasu na Turai irin su Ostiriya, suna neman yarjejeniya mai ɗaure kowa.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce mai hawa biyu, irin wadda Red Cross ta gabatar a 2021. A haramta makaman da ba a iya hasashen abin da za su yi, da waɗanda aka tsara domin farautar mutane. Sauran kuwa a yi musu iyaka ta fuskar abin da za su kai wa hari, da faɗin wuri, da tsawon lokaci, tare da tanadin hanyar da mutum zai kashe su. A watan Oktoban 2023 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, da shugabar Red Cross, Mirjana Spoljaric, suka yi kira tare da a kammala irin wannan yarjejeniya zuwa 2026.

Ganin tafiyar hawainiyar da ake yi a Jiniba, sai aka kai batun Babban Zauren Majalisar, inda rinjaye ke aiki. A ranar 22 ga Disamban 2023 aka zartar da ƙuduri mai lamba 78/241 da ƙuri'a 152, ƙasashe 4 suka ƙi, 11 suka yi rowar ƙuri'a. A watan Disamban 2024 aka zartar da na biyu mai lamba 79/62 da ƙuri'a 166. Duk da haka, har zuwa 2025 ba a ƙulla yarjejeniya mai ƙarfin doka ba. Akwai misali a tarihi na fita daga wancan dandali gaba ɗaya: haka aka yi aka samar da Yarjejeniyar Otawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane a 1997, ko da yake Amurka da Rasha da Sin ba su shige ta ba.

3.8 Matsayin Afirka ta Yamma

Yankin ba ya cikin masu ƙera waɗannan makamai, amma yana cikin masu sayen abin da aka ƙera da kuma wuraren da ake aiki da shi. Tun watan Janairun 2015 aka ga hotunan jirgi maras matuƙi samfurin CH-3, ƙirar Sin, da ya faɗi a jihar Borno. Nijar da Mali da Burkina Faso da Nijeriya duk sun mallaki Bayraktar TB2. Amurka kuma ta yi shekaru tana tayar da jiragenta marasa matuƙa daga sansaninta na Agadas kafin ta fice a 2024. Libiya, inda aka yi batun Kargu-2, tana iyaka da Nijar, kuma an ga yadda makamanta suka malalo yankin Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011.

A watan Afrilun 2024 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka yi taro a Firitaun, babban birnin Saliyo, suka fitar da sanarwar goyon bayan a ƙulla yarjejeniya mai ɗaure kowa. Amma bakin yankin bai zo ɗaya ba, domin Mali tana cikin ƙasashe huɗun da suka ƙi ƙudurin 2023, tare da Rasha da Indiya da Belarus.

A ganin wannan bincike, ƙasar da ke sayen makami ta fi mai ƙera shi bukatar doka. Ba ita ta rubuta manhajar ba, ba ta san hotunan da aka horar da na'urar da su ba, amma a kan ƙasarta da jama'arta za a yi aiki da shi. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa makami mai sarrafa kansa shi ne wanda ke zaɓen abin hari ya kuma kai harin ba tare da sa hannun mutum ba, kuma ya bambanta da jirgi maras matuƙi da ake sarrafawa daga ƙasa. An ga cewa sauri, da katsewar sadarwa, da araha ne ke tura ƙasashe gare shi. An kuma nuna cewa ƙa'idojin bambancewa da daidaito da taka-tsantsan duk suna bukatar hukuncin mutum, kuma suna bukatar mutumin da za a tambaya idan an saɓa musu. Misalin Patriot ya nuna cewa ajiye mutum a gaban allo bai isa ba sai an ba shi lokaci da bayani, misalin Tudun Biri kuma ya nuna cewa ko kuskuren mutum yana barin ƙofar bincike da hukunci a buɗe. A babi na gaba za a dubi tanadin dokokin Nijeriya game da sayen makamai da binciken halaccinsu, domin a ga ko sun shirya wa wannan sabon yanayi.